Mutuwar Laraba a Ɗakin Mama Sista

Tunda aka ji zan tafi makaranta yaran layinmu suka hana ni sakat, kowa na so in bar masa gadon aikina. Har ƙanwata Ummi, wadda idan masu rigakafi suka shigo gida sai an jawo ta ta ƙafa daga ƙarƙashin gado, wai ita ma ta iya. "Miye a ciki, Yaya Kulu? Ba kwanciya ba ce ki yi ta nishi, a tashi a ba ki lemo?" To ku matso ku ji daga bakin wadda ta fi kowa yawan mutuwa a Ƙaura Namoda, kuma har yau ba a taɓa daka mata gumbar sadaka ba.

Sana'ata rashin lafiyar ƙarya. Duk Laraba ina kwanciya a wani ɗaki da ke bayan asibiti, ɗalibai masu koyon aikin lafiya su taru a kaina su ceci raina. Yawanci ba sa iyawa. Uwar ɗakina ita ce Sista Rifkatu, maƙwabciyarmu, tsohuwar nas, mutuniyar kudancin Kaduna da ta zo Ƙaura tun jirgin ƙasa yana cikin ganiyarsa. Ita ta yanke cibiyar rabin unguwarmu, har da tawa, shi ya sa kowa ke ce mata Mama Sista. Makarantu daban-daban ne ke turo ɗalibai, masu karatun likita, da nas, da ungozoma, da masu gwajin jini, da masu ba da magani. Aikinta ta haɗa su wuri ɗaya su koyi yin aiki tare. Ta ce haɗa akuya da kura a keke napep ɗaya ya fi wannan sauƙi.

Ranar da aka ɗauke ni aiki, Inna ce ta aike ni niƙa da rana tsaka. Na dubi ranar, na dubi kwanon dawa, na ga ba zan iya ba, sai na yanke jiki na faɗi. Inna ta ƙwalla ƙara har kajin maƙwabta suka watse. Mama Sista ta shigo da gudu da ludayi a hannu, ta durƙusa, ta ɗaga mini fatar ido, sannan ta sunkuyo daidai kunnena.

"Kulu," ta ce a hankali, "wanda ya suma ba ya zaɓar inuwa. Ba ya kuma faɗawa daidai tsakiyar tabarma."

Ta miƙe ta ce wa Inna, "Maman Kulu, ciwon nan na san maganinsa. Ki ba ni aronta duk Laraba." Niƙan kuma sai da na je.

Koyon aikin ya fi na ɗinki wuya. Farko ta hana ni ihu. Ni a zatona ciwo shi ne birgima da kiran sunan kakanni, sai ta kai ni bencin da mata ke jiran ganin likita ta ce in zauna in buɗe ido. Na ga matan da aka ɗauko a babur daga Sakajiki da ƙauyukan Zurmi, mace leɓenta ya yi fari fat, tana riƙe da bango, a ce mata ya jiki ta ce, "Da sauƙi." Wannan "da sauƙin" na yi wata da watanni ina koyo. Akwai na wadda za ta koma gida da ƙafarta, akwai na wadda ba za ta kai la'asar ba, kuma duk kalma ɗaya ce. Sai faɗuwa ba tare da kare fuska ba, da riƙe dariya idan ɗalibi ya ɗora abin sauraren ƙirji a kan maɓallin rigata ya ce yana jin wata baƙuwar ƙara. Ummi, ke da ko ƙuda ya sauka a hancin liman sai kin fashe, a nan za a sallame ki.

Kayan aikina suna cikin wani tsohon bokitin fenti. Akwai zoɓo mai kauri da nake damawa da ɗan garin rogo, shi ne jini. Idan ya yi ruwa ɗalibai su raina shi, idan ya yi kauri Mama Sista ta ce na kawo mata kunu. Akwai toka ta shafa wa leɓe, da ƙaramin matashi na yin ciki, da tsohon zanen Inna da ta yi ta nema har ta zargi aljanu. Sai abokiyar aikina Hajiya Roba, mutum-mutumin mace da ke kwance a gadon kusa da nawa. Duk wani dubawa da taɓawa da allura a jikinta ake yi, ni baki ce kawai da fuska. Hajiya ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa neman lemo ba, shi ya sa Mama Sista ke yi mini gori da ita.

Masu zuwa wurina kuwa kowa da irin tasa izzar. Ɗan karatun likita yana shigowa da abin sauraren ƙirji a wuya kamar ango da rawani, ba ya tambayar kowa komai, don a ganinsa tambaya zubar da girma ce. Nas ta san komai amma tana jira ya yi kuskure tukuna ta ji daɗi. Mai gwajin jini yana ganin ku duka masu duba ne, shi kaɗai ke da gaskiya a cikin kwalba. Mai magani kuma haushin rubutun likita ya cika masa ciki tun kafin ya gan shi. Kowannensu gwani ne a makarantarsu. Sai an tara su a kaina ne za ka ga mutum huɗu sun taru sun zama rabin mutum.

Akwai shekarar da ba na wasa da ita, shekarar da aka katse layin waya, hanyoyi suka lalace, kasuwanni suka tsaya. Ɗaliban Shinkafi da na Zurmi suka daina zuwa. Asibiti ya cika da mutanen da suka baro ƙauyukansu, har gadona da na Hajiya Roba aka ɗauke. Mama Sista ta ce, "Je ki gida, Kulu. Yanzu gado na masu gaskiya ne." A cikin wannan shekarar aka kawo wata mata daga wajen Sakajiki. Ta gaya wa wannan abu kaza, ta gaya wa wancan abu kaza, kowa ya riƙe nasa ya tafi bakin aikinsa, ba wanda ya zauna da ɗan'uwansa. Kafin a haɗa zancen ta cika. Mama Sista ba ta taɓa gaya mini sunanta ba, ban kuma tambaya ba.

Da abubuwa suka lafa aka dawo da mu, sai ta zo da sabuwar dabara da ta kira watanda. Kun san yadda ake haɗa kai a sayi sa a yanka, kowa ya tafi da kasonsa. To haka take yi da labarin ciwona. Kafin ɗalibai su shigo sai ta yanka shi kashi-kashi: wannan na likita ne, wannan na ungozoma, wannan na mai magani, sakamakon jini kuma ta ba mai gwaji. Kowa kasonsa kaɗai zan ba shi, shi ma sai ya tambaya da ladabi. Ta ce ai haka matan gaske ke yi, ba mai zazzage wa namiji baƙo cikinta gaba ɗaya. Idan suka haɗa kason, sa ya tashi, in rayu. Idan wani ya ɓoye nasa, Mama Sista ta taɓa ɗan kunnenta, ni kuma in yi shahada. Dokar ita ce ɗaya ya kashe, duka sun kashe. Rukunin da ya kashe ni sau uku ba ta sa musu hannu, sai su maimaita.

Rukunin da ba zan manta ba su huɗu ne. Anas, ɗan karatun likita da aka turo daga Sakkwato, dogo, mai sanyin magana. Bitrus mai gwajin jini, wanda dariya ba ta barin bakinsa. Nafi'u na ɓangaren magani, ɗan Shinkafi, aljihunsa kullum da gyaɗa. Sai Anti Murja, ɗalibar ungozoma daga Gurbin Bore, matar aure mai ɗa ɗaya. Ita ce mai abin asara. Ta riga ta maimaita shekara lokacin da ta haihu, makarantarsu kuma ba ta ba da dama ta biyu. Idan Mama Sista ta hana ta hannu, karatu ya ƙare. Ga ɗakin haihuwar garinsu an gina an kulle, matan garin ita suke jira ta zo ta buɗe.

Larabar farko na fito a amarya mai ciwon mara. Anas na ba shi kasonsa, ciwon ciki da jiri. Da aka ja labule Anti Murja ta tambaye ni cikin hikima, irin tambayar da ko dutse sai ya amsa, na raɗa mata cewa na kwana biyu ban ga al'ada ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina yau kam zan sha lemo da raina. Suka taru a ƙafar gado. Anas ya ce yana zaton taifot ne, ya tambayi Bitrus, ya tambayi Nafi'u, ya tsallake Anti Murja kamar rami. Ita kuma ta kafa wa babban yatsan ƙafarta ido kamar ranar ta fara ganinsa. Mama Sista ta taɓa kunne. Na mutu.

"Murja, cikin nan a wajen mahaifa yake, kuma ke kaɗai aka gaya wa akwai ciki," in ji Mama Sista. "Me ya riƙe miki baki?"

Anti Murja ta ƙara sunkuyar da kai. Anas kuma yana karanta silin.

Ni gawa ce, amma kunnena ba ya mutuwa. Kafin azahar na saye Nafi'u da alkawarin zoɓon gaske, ya fasa mini ƙwai: Anas yayan mijin Anti Murja ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tunda aka kai ta gidansu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. Idan ya shigo ta ƙofa ita ta fita ta taga, in ji Nafi'u. Yanzu kuma ana so ta dube shi ta yi masa zancen al'ada.

Laraba ta biyu suka zo da wayo. Na fito a mai zazzaɓi, kason Anti Murja kuma shi ne na yi ɓari a gida, abin bai gama fita ba. Da aka taru sai ta ja Bitrus gefe, ta mai da shi ɗan aike.

"Ka ce mishi abin nan ne."

"Wane abu, Anti?"

"Abin mata dai. Shi ya sani."

Bitrus ya taka taku biyu, don duk tazarar ke nan, ya gyara murya. "Dokta, wai an ce a gaya maka abin mata ne."

Anas ya sunkuyar da kai ya ce, "To. Allah shi sawwaƙe."

Allah shi sawwaƙe! Ina kwance ina ƙonewa da zazzaɓi, likitana yana yi mini jaje. Ya rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro, Nafi'u ya yaba kyan rubutun, ni kuwa na yi wata mutuwa mai kyau, har da shure-shure, don haushi.

Da la'asar Anti Murja ta zo gidan Mama Sista. Katangarmu gajera ce, ni kuma a ranar na ga ya dace in share gindinta sosai.

"Mama, don girman Allah ki canza mini rukuni. Ko da wa kika haɗa ni zan yi magana. Shi ɗai ne ba ni iyawa."

"Na sani," in ji Mama Sista. "Ba zan canza ba."

"Mama, karatuna ne fa."

"Murja, idan kin koma Gurbin Bore wa za ki karɓi haihuwarta? Turawa? Matar ƙanin surukinki ce, da ɗiyar maigari, da ƙanwar uwar mijinki. Wanda zai ɗauko ta a babur surukinki ne. Wanda za ki ce wa ya nemo masu ba da jini surukinki ne. Garin nan akwai namijin da ba kya jin kunyarsa? Ni ban ce kunya ba ta da kyau ba. Amma idan na sa miki hannu a haka, kabari nawa zan sa wa hannu?"

Anti Murja ta fito tana share ido, ta gan ni da tsintsiya. Washegari sai ga ta a gidanmu da ƙwaryar fura da nono, irin mai kaurin nan da ludayi ke tsayawa a ciki.

"Ƙanwata, ki taimake ni. Ran Laraba ki hwaɗi mishi kasona da bakinki. Ki yi kamar zafin ciwo ne ya sa ya suɓuce."

Na sha fura sosai, don ba a yanke hukunci da yunwa. Sannan na ce, "Anti, matar da za a kawo miki bakinta ba zai suɓuce ba."

Ta dubi ƙwaryar da ta koma rabi. "Ke dai ba ki da tsoron Allah."

Ku masu son gadona, ku rubuta wannan: ana shan furar, ba a sayar da kason.

Laraba ta uku Mama Sista ta ce in dama zoɓo da yawa. Da ta fara yanka labarin na gane wanne ne, don muryarta ta canza. Matar Sakajiki ce. Kason likita: jiri da sanyi. Na mai magani: wata allura ta taɓa kumbura ni har idanuna suka rufe. Na mai gwaji: jini ya yi ƙasa ƙwarai. Na ungozoma: na haihu a gida, mabiyiya ta fito a yage, jini kuma bai tsaya ba, na tara zannuwa ne na danne.

Na shafa toka, na kwanta, na ce "da sauƙi" irin na biyun. Kowa ya zo ya karɓi kasonsa. Da Anti Murja ta ji nata, ta ɗaga zanen Hajiya Roba ta ga zoɓon da muka malala. Suka taru. Bitrus ya faɗi nasa, Nafi'u ya faɗi nasa har da tofa ɓawon gyaɗa. Anas ya ce, "Jini ya yi ƙasa haka, to ta ina yake fita?" Ya tambayi iska ne, don bai dubi kowa ba. Na fara jan numfashi sama-sama. Ta wutsiyar ido na ga hannun Mama Sista ya baro aljihu ya kama hanyar kunne. Wallahi ban taɓa jin tsawon hanya irin ta ranar ba, kamar daga nan zuwa Shinkafi a kan jaki.

Sai Anti Murja ta juya wa Anas baya gaba ɗaya. Ta fuskanci ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa, ta kama shi da hannu biyu kamar zai gudu, ta ɗaga murya har ta fi ta mai tallan kifi.

"Kai ƙarfe! Ka hwaɗa wa mai ji, matar ga haihuwa ta yi a gida! Mabiyiya ba ta hito duka ba, saura na ciki! Jini take zubarwa tun jiya, zane uku sun jiƙe! In ba a tsai da shi yanzu ba, tahiya za ta yi!"

Bitrus ya cusa hannun riga a baki. Ni kuwa, a matsayina na mai shirin mutuwa, na ciji harshe har na ji ɗanɗanon jinin gaske.

Anas ya ɗaga kai ya dubi fanka. "Fanka," ya ce, "tambayi mai magana, mahaifar ta tsuke ko a sake take?"

"Ƙarfe, ce mishi a sake take! Ina murza ta yanzu!" Ta saki ƙarfen ta kama cikin Hajiya Roba da murza.

Daga nan ɗakin ya kama wuta. Anas ya ce wa fanka a sa ruwa a jijiya, a yi allurar tsuke mahaifa. Nafi'u ya ce wa kowa da kowa kada a kuskura a haɗa da waccan mai kumburawa, ga madadinta. Bitrus ya ce zai duba rukunin jininta, a tura dangi ɗakin gwaji. Can cikin hayaniyar na ji Anti Murja ta ce, "Yaya, riƙe nan," ta miƙa masa robar ruwa, shi kuma ya karɓa. Ba ƙarfe, ba fanka. Su biyun ba wanda ya lura.

Hannun Mama Sista ya tsaya a wuya, ya sosa, ya koma aljihu.

"Kulu, tashi," ta ce. "Yau kin sha."

Ta dubi su Anas ta ce, "Ni ban ce ku kalli juna ba. Na ce ku ji juna. Amma Murja, ɗakin haihuwar garinku ba fanka, ƙarfen ma ban tabbata ba. Ki fara sabawa da bango." Ta zaro biro daga cikin ɗankwalinta ta sa musu hannu su huɗun.

Tana gamawa kunya ta dawo da kayanta. Anti Murja ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta durƙusa har ƙasa ta gaida yayan mijinta kamar yanzu ya sauka daga mota, shi kuma ya amsa wa takalminsa, ya fice har yana karo da ƙofa.

To Ummi, da ku sauran, aikin ke nan. Bokitin fenti na nan a bayan ƙofa, amma Mama Sista ta ce sai ta gwada mutum, kuma ta riga ta sa an ɗauke tabarmar daga inuwa.

Ni dai ladana na ranar ban manta shi ba. Ina zaune a bakin gado ina goge toka, Anti Murja ta zo ta kama kunnena ta murɗe shi kamar tana kunna rediyo, idonta jajir, tana dariya tana hawaye.

"Ja'ira mai shanye furar mutane," ta ce. "Wallahi da kin mutu yau, da ni zan kashe ki."